Kirikiri a Lambu na Bakwai

A Kwatano aka fara koya mini hankali. Na sauka a tasha da jakar buhu guda, a ciki akwai kaya kala biyu da bargo da fartanyata, wadda na cire wa ƙota don kada ta tsone wa wani ido a mota. Kada a tambaye ni me mai neman aikin jirgin ruwa zai yi da fartanya. Tun ina ɗan shekara bakwai a Kwanyawa ban taɓa yin kwana uku ban riƙe ta ba, shi ya sa hannuna ya ɗauko ta bai yi shawara da ni ba. Damina biyu a jere ta yi mana rowa, gyaɗa ta ƙi, dawa ta ƙi, ni kuma dama Allah ya yi ni da ƙafar yawo da saurin fushi. Sai na fake da fari na fito.

Wani mutum mai farar shadda ya tare ni tun ban gama miƙe ƙafa ba. Hausarsa tsaf, ta Kano, har da "ɗan'uwa rabin jiki". Ya ce jirage na neman majiya ƙarfi, takarda kawai ake buƙata, shi kuma yana da hanya. Na kwance guzurina na miƙa masa, ya kawo mini wani kati mai hatimi biyu, ya ce gobe in nuna a ƙofar tashar jiragen ruwa. Na je na nuna. Mai gadi ya juya katin, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya kira abokin aikinsa, suka yi ta dariya har da dukan cinya. Wani Bazabarme mai tura baro ne ya ji tausayina ya gaya mini gaskiya, wai katin awon ciki ne na mata. Kwana huɗu na yi ina neman mai farar shadda, kuma na gode Allah da ban gan shi ba.

Daga nan sai Lome. Can na shiga cikin masu jan taru a bakin teku, mu kama igiya mu talatin ko fiye, mu yi ta ja da baya tun hantsi har rana ta take, a sallame mu da kifi. Igiyar ta ci mini tafin hannu, ni da nake taƙama da kanta. Akwai wata tsohuwa mai sayar da koko a gindin kwakwa, ba ta jin Hausa sai "sannu". Ranar da ta ga hannuna yana jini ta yago gefen tsohon zanenta ta ɗaure mini, ta cika mini kwano, ta ƙi karɓar kifina. Har yau ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

A Lome na fara ganin masu hutu. Turawa ne jajaye, maza da mata, kwance a kan yashi sun shafa mai suna gasa kansu a rana. Wata safiya ɗaya daga cikinsu ya taso ya kama igiya a gabana, yana ja yana dariya, matarsa na ɗaukarsa hoto. Da ya gaji ya saki ya koma ƙarƙashin laima. Abin da nake yi don yunwa shi yake yi don nishaɗi, kuma abin ya ba ni haushi har na kasa cin kifin ranar. Ban cika wata biyu ba na ɗaure jaka.

Takoradi ta ƙasar Gana ba ni da abin faɗa a kanta sai dako da zazzaɓi. Can ne kewar gida ta kama ni sosai, kuma ruwan sama ne ya jawo. Ina kwance a rumfar wani mai kanti, jikina na rawa, na ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin, irin wanda a Kwanyawa za a fito ana hamdala, sai ya tafi can tsakiyar teku ya juye kansa. Ruwa a kan ruwa, ba gona ba shuka. Na tuna tsohona yana tsaye a bakin gona yana kallon sama, na juya fuska bango na yi kuka. Da na warke na ce garin ne bai karɓe ni ba, na ƙara gaba.

Haka na tsallaka Kwaddebuwa, na yada zango a wani ƙaramin gari na bakin teku kafin a kai Abijan. Ranar Juma'a ce. Na fito daga masallacin zango na tarar an tafi da takalmina, aka bar mini wani mai tsinkakken maɗauri. Na ɗaga murya ina faɗa da iska.

"Wallahi ko a kasuwar Rogo ranar da ta cika maƙil ba a taɓa ɗauke mini takalmi ba!"

"Wa ya ce Rogo a nan?"

Wani dattijo ne siriri mai furfura a gemu, sanye da rigar kaki. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau. Ina gajiya? Ya hanya? Ya aka baro mutanen gida?"

"Suna lafiya, suna gaishe ku."

"Muna amsawa. Ɗan ina ne kai?"

"Kwanyawa. Sunana Isuhu."

Sai ya kama hannuna da hannu biyu ya ƙi saki. Shi ɗan Jajaye ne, Baba Sale, shekararsa ashirin da biyu rabonsa da gida. Ya tambaye ni rafi, ya tambaye ni ko har yanzu ana rake a fadama, ya tambaye ni mutanen da tun ina yaro aka binne su. Wanda na sani na faɗa, wanda ban sani ba na ce yana nan lafiya. Ya ja ni gidansa ba takalmi.

Gidan nasa ciki da falo ne a barikin ma'aikatan wani babban otal, bayan katanga. A nan yake da matarsa Inna Hajara, haifaffiyar zango, da 'ya'yansu mata uku. Daga ƙofar bariki ana hango masu hutu a bakin ruwa, wasu a kan dawaki, wasu a kwalekwale mai inji suna tafiya kamun kifi, wasu na jan wani allo mai tsumma suna faɗawa ruwa suna sake hawa. Baba ya ce shi aikinsa a filin golf ne, inda suke buga 'yar farar ƙwallo da sanda. Na ce to, ban ƙara tambaya ba, don ba na son a gane ƙauyancina.

Da ya ce zai nema mini aiki, Inna Hajara ta ajiye muciya.

"Malam, ka san dokar wurin nan. Wanda ya kawo mutum, laifin mutumin a wuyansa yake. Jiya-jiya ka tsinto shi."

"Ɗan gida ne, Hajara. Manomi ne. Dubi hannunsa."

"Hannu na gani. Ɗakin nan fa na aiki ne, in aiki ya tafi ina za mu kai yaran nan?"

A gabana ta faɗa, ba ta ɓoye ba. Na ji haushi, na rantse a raina sai na ba ta kunya da aiki.

Ranar Lahadi ya kai ni wurin shugaban leburorin filin, wani ƙaton mutum mai gilashi da ake kira Mushe Kwasi. Na tambayi Baba a hankali wane laifi ya yi ake ce masa mushe, ya taka mini ƙafa, ya ce haka masu Faransanci ke cewa maigida. Mushe Kwasi ba ya jin Hausa, ni ba na jin Faransanci, Baba ne tafinta. Aka yarda in yi gwajin mako ɗaya, ba a rubuta sunana ba, Baba ne ya tsaya mini.

Litinin ba a wasa, filin fayau ba kowa. Ban taɓa ganin ciyawa mai yawa haka ba, shimfiɗe har inda ido ya tsaya, kuma ko akuya ɗaya babu. Ina lissafa shanun Fulanin garinmu nawa za ta ɗauka, sai aka aiko injin ban-ruwa ya lalace, ana neman Baba. Ya miƙo mini wata 'yar wuƙa da sauri.

"Bi ta bayan kwakwar can, za ka ga lambu da tuta, lamba bakwai. Mushe ya ce a cire muguwar ciyawa duka, kada a bar ko ɗaya. Zan same ka da azahar."

A filin akwai wasu wurare zagayayyu masu laushi, kowanne da rami da tuta a tsakiya, inda ƙwallo ke ƙare tafiyarta. Su ne idon filin, su ake lallaɓawa fiye da komai, kuma Hausawan da ke aiki a can lambu suke ce musu. Wannan duk daga baya na sani. A ranar, ni dai an ce da ni lambu, an ce muguwar ciyawa.

Na dubi wuƙar na yi dariya, na jefa ta aljihu, na koma bariki na sa wa fartanyata ƙota. Da na isa na ga wuri mai kyau, ƙasa baƙa mai danshi, ga kan famfo a gefe. Lallai an tanade shi don shuka, tuta kuma don korar tsuntsu. Na durƙusa na cusa yatsa na finciko ciyawar da ta rufe shi, sai ga jijiya tana tafiya a kwance, gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da saiwarta. Kirikiri! Duk wanda ya yi noma a ƙasarmu ya san babu muguwar ciyawa kamarsa. Ka sare shi ya tsiro, ka binne shi ya ji daɗi, ka bar gaɓa ɗaya ya cinye maka kunya guda. Na ce lallai mutanen nan ragwaye ne, sun bar shi ya cinye lambu ɗungurungum, sai aske masa kai suke yi. Can da can akwai 'yan tsirarun aya-aya sun ɗago kai, su ko kallo ba su ishe ni ba.

Na tuɓe riga na yi bisimilla. Ban taɓa noma da zuciya ɗaya kamar na ranar ba. Ina sara ina karkaɗe ƙasa ina tara shi gefe don ya bushe a ƙone, ina hango fuskar Inna Hajara in labari ya kai mata. Kafin azahar na gama da fiye da rabin lambun, ƙasa ta fito baƙa wuluk, har na fara jan kunyoyin shuka.

Baba ya ɓullo ta bayan kwakwa da kwanon abinci. Kwanon ne ya fara faɗuwa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Isuhu, me ka yi?"

"Kirikiri ne, Baba. Saura kaɗan."

"Shi ake shukawa! Shi ne lambun! Aya-ayar nan aka ce ka cire da wuƙa!"

Ya zauna a ƙasa daɓas, ya riƙe kai. Can ya ce, ba da ni yake ba, "Laifina ne. Na daɗe a nan har na manta cewa a gida abokin gaba ne."

Mushe Kwasi da ya zo bai yi ihu ba, kuma na fi son a ce ya yi. Ya cire gilashi ya goge ya mayar, ya zagaya wurin sau biyu, ya yi magana gajeriya. Baba ya fassara: saura kwana talatin baƙi su fara sauka da yawa, masu gudun sanyin ƙasarsu, kuma da gasa ake buɗe lokacin. In ranar ta zo ƙwallo ba ta gangara daidai a lambu na bakwai ba, Sale ya kwashe kayansa daga bariki.

Abu ɗaya na sani a duniya, shi ne kirikiri ba ya mutuwa da sauƙi. Na ce a ba ni dama. Tarin da na yi niyyar ƙonawa na baje a inuwa na yayyafa masa ruwa, na zauna da adda ina datsa shi gaɓa biyu-biyu. Na baje kunyoyin da na ja, na daidaita ƙasa da manjagara, na dasa shi layi-layi kusa da kusa kamar dashen albasa, na bi da ƙafa ina dannewa. Na roƙi masu dawakin bakin ruwa busasshen taki, na daka shi, na haɗa da yashi. Sai tankaɗewa ta gagara. Inna Hajara kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba, amma da na fito da safe na tarar da rariyarta a kan jakata.

Safe da yamma ina ɗibar ruwa da bokiti ina yayyafawa da hannu, don ƙarfin tiyo zai tone dashen. Kwana huɗu, kwana biyar, wurin ya koma ja kamar an babbake shi. Sauran leburori in sun wuce sai su yi kamar suna noma, su fashe da dariya. Baba bai taɓa yi mini faɗa ba, sai ma ya riƙa tura mini naman da ke cikin miyarsa, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. In na zauna a gindin kwakwa sai in ji ƙarar motoci a kan titin Abijan tana kirana.

Rana ta shida da hantsi na ɗauki jakata na zame. Na ce wa kaina in ba na nan wataƙila a tausaya wa tsoho, alhali na san ƙarya nake. Na shiga motar Abijan na zauna a bakin taga ana jiran ta cika. Tashar a jikin kasuwa take. Ina sunkuye sai na ji an ƙwanƙwasa gilashi, na ɗago, Inna Hajara ce da kwandon cefane a ka.

"Isuhu, tafiya ce?"

Na kau da kai, ta dubi jakar da ke cinyata.

"Allah ya kiyaye hanya. Ruwan yamma fa, wa zan ce ya ba lambun? Malam bayansa ba ya ɗaukar bokiti."

Ba ta jira amsa ba ta wuce. Saura mutum biyu mota ta cika na sauko, kwandasta yana zagina da yaren da ban ji ba.

A rana ta tara na ga kore. Ɗan tsiro ne kamar kan allura, sai na kwanta rubda ciki kafin na tabbatar. Ni Isuhu, wanda ya tashi yana tsine wa kirikiri, na koma ina idar da salla ina roƙon Allah ya raya shi, ya yaɗa shi, ya tsare shi daga tsutsa. Da tsohona zai ji wannan addu'a da ya ce a kai ni a yi mini ruƙiyya. Ya kuwa yaɗu. Layi ya kama layi, na riƙa bin sa da yashi ina cike gurabe, na cika durom da ruwa ina gangara shi a kai don ya kwanta. A mako na huɗu Baba ya kawo ƙaramin inji ya yi masa askin fari da kansa. Leburori suka daina dariya, har wani ya fara taya ni ɗibar ruwa.

Ranar talatin Mushe Kwasi ya zo da ƙwallo uku a aljihu. Daga nesa lambun kore shar, ba ka ce an taɓa shi ba. Ya durƙusa a tsohon ɓangaren ya gangara ta farko. Ta taho sumul, tana shiga inda na dasa ta fara tsalle-tsalle, ta karkace ta tsaya nesa da rami. Ta biyu haka, ta uku haka. Ya shafa ciyawar da tafin hannu ya daɗe, sannan ya miƙe ya yi magana mai tsawo.

Baba ya saurara har ƙarshe, ya juyo ya fassara mini da muryar da yake fassara komai, kamar zancen wani ake yi.

"Ya ce ciyawa ta rayu, amma tana son wata guda nan gaba. Za a rufe lambu na bakwai, baƙi su tsallake shi. Manyan otal sun ce sai an kori mutum."

"To a kore ni mana! Ni na yi ɓarnar!"

Ya mayar masa, ya dawo mini da amsa.

"Ya ce kai ba a ɗauke ka ba balle a kore ka. Sunana ne a takarda."

Mushe Kwasi ya ƙara wata magana yana nuna hannuwana. Baba ya juyo gare ni.

"Ya ce bai taɓa ganin wanda ya san halin ciyawar nan kamarka ba. Gurbina yana nan. In kana so, naka ne."

Kaina ya yi zafi. Na ce ya gaya masa Allah ya isa, ya gaya masa ni ba ɗan iska ba ne da zan ci tuwon mutum in karɓe masa aiki, ya gaya masa ya riƙe ciyawarsa ya dafa ya ci. Baba ya juya ya faɗi kalma uku ko huɗu. Mushe Kwasi ya gyaɗa kai, ya tsince ƙwallayensa ya tafi.

"Baba, me ka ce masa?"

"Na ce ka gode, ka karɓa."

"Wallahi ban karɓa ba!"

"Saurara, Isuhu. Ɗakin nan na mai aikin ne. In bare ya karɓa, ranar Asabar tarkacenmu na bakin titi. In kai ne, ɗakinka ne, kana iya barin wanda ka ga dama a ciki. Ni zan kafa tukubar tsire a bakin zango, ba zan rasa na cefane ba. Wurin kwanan yaran nan ne ba ni da shi."

"Baba, ni fa ban taɓa cika wata uku a gari ɗaya ba."

"Na sani. Ƙaramarsu saura shekara shida ta gama makaranta."

Bai roƙe ni ba, bai kuma kalle ni ba. A nan tsakiyar fili ya ɓalle maɓallan rigar kakin ɗaya bayan ɗaya, ya rage daga shi sai singileti, ƙasusuwan kafaɗarsa a waje, ya miƙo mini. Na sa hannu biyu na karɓa, da ɗumin jikinsa a jikinta. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe ni.

Ya ɗaga kai ya dubi rana.

"La'asar ta yi. Je ka ba shi ruwa."

Na tafi na ɗauko bokiti. Shekara shida ban sake taka tasha ba.